Yashi, Kanwa da Jan Ƙarfe: Abin da Awon Kimiyya Ya Gano Game da Toya Shuɗin Misirawan Dauri

Tsakure

Misirawan dauri ba su bar rubutaccen bayani a kan yadda suke haɗa shuɗin launin da suka ƙawata kaburbura da gumaka da akwatunan gawa da shi ba. Abin da aka sani a yau, daga jikin kayan aka samo shi ta hanyar awo a ɗakin gwaji. Wannan maƙala ta bi sawun awon tun daga 1809. Matsayarta ita ce, gano sinadaran launin shi ne sassauƙan ɓangaren aikin, kuma an gama shi tuni. Tarihin sana'ar kuwa yana cikin ɓurɓushin da bai narke ba, da baƙin ƙarafan da suka shiga tukunya ba tare da an gayyace su ba.

Gabatarwa



Idan aka ce wa Bahaushe shuɗi, karofi ne ke faɗo masa a rai. Ya kamata mu raba zare da abawa tun daga nan. Shunin marina daga ganyen baba yake, rini ne, shiga zare yake yi ya kama. Shuɗin da za mu yi magana a kansa garin dutse ne, ba ya narkewa a ruwa, sai an kwaɓa shi da ƙaro ko wani abu mai danƙo sannan a shafa a bango ko katako. Kuma dutsen ba haƙo shi aka yi ba, toya shi aka yi. Masana da dama suna lissafa shi a matsayin garin launi na farko da ɗan'adam ya haɗa da hannunsa.

Dalilin wannan wahala a fili yake. Mai zane a bakin Nilu yana samun ja da rawaya a ƙasa, baƙi a kunkunniya da gawayi, fari a farar ƙasa. Shuɗi ne ƙasa ta yi rowarsa. Dutsen lazurdi da sarakunansu ke so sai an ɗauko shi daga Badakshan, a Afganistan ta yau, kuma ko an same shi, daka shi kawai ba ya ba da shuɗi mai kyau, toka-toka yake komawa. Dabarar tace shi sai bayan ƙarnoni masu yawa aka samo ta. Sunan da Misirawan suka ba launinsu ma yana nufin lazurdi na haɗi.

Mafi daɗewar shaidar da ke hannu ita ce wani kwanon farin dutse da aka tono a Hirakonfolis a 1898, yana gidan adana kayan fasaha na Boston a Amurka. An ƙiyasta shi a wajen shekara ta 3250 kafin Miladiyya, kuma Lorelei Corcoran ce ta nuna cewa ragowar launin da ke cikin zane-zanensa wannan shuɗi ne. Daga gidan sarauta na 4, wajen 2600 kafin Miladiyya, amfani da shi ya bazu, bai kuma yanke ba har zamanin Rumawa. Shi ne a hular sassaƙen sarauniya Nafatiti da ke Balin, shi ne a zanen kabarin Nebamun da ke Landan.

Abin da magabata suka rubuta, da abin da suka tsallake

Girkawa da Rumawa ne suka fara rubuta wani abu. Theophrastus, a littafinsa kan duwatsu na ƙarshen ƙarni na 4 kafin Miladiyya, ya bambanta shuɗin da ake haƙowa da na Masar wanda ake haɗawa, ya kuma ce masu niƙa suna fitar da kala huɗu daga abu guda: mai laushi ya fi haske, mai tsakitsaki ya fi duhu. Wannan magana ta tabbata a awon zamani ba tare da gyara ba.

Vitruvius, maginin Rumawa na ƙarni na 1 kafin Miladiyya, shi ya kawo tsarin haɗi a kashi na 7 na littafinsa kan gini. A taƙaice: a niƙa yashi da kanwa lukui, a zuba musu gogaggen garin jan ƙarfe, a yayyafa ruwa, a cura da hannu ƙanana-ƙanana, a shanya, a jera a tukunyar ƙasa, a sa a tanderu. Ya ce a Iskandariya aka ƙirƙiro sana'ar, wani Vestorius ya kai ta Futeyoli kusa da Nafoli. Batun Iskandariya kuskure ne, don launin ya girmi birnin da shekara kusan dubu uku. Amma babban giɓin ba nan yake ba. Vitruvius bai ambaci farar ƙasa ba, alhali in babu kalsiyam ɗin da ke cikinta, wannan shuɗi ba zai taɓa fitowa ba, ko a kwana nawa ana zuga wuta. Mafi ƙarfin bayani shi ne, yashin da masu sana'ar yankin ke ɗiba yana ɗauke da farar ƙasarsa tun daga bakin ruwa. Su ba su san kalsiyam ba. Abin da suka sani shi ne yashin wuri kaza yana yi, na wuri kaza ba ya yi. A ganina wannan giɓi ya fi abin da aka rubuta koyarwa, domin ya nuna cewa sanin sana'ar ba a jerin kayan haɗi yake zaune ba, a sanin inda ake ɗebo su yake.

Awon zamani ya faro ne da tonon Pompei. Chaptal ya gwada garin launin da aka samu a can a 1809. Humphry Davy ya buga nasa binciken a 1815 kan samfurin da ya ɗauko daga kangayen birnin Rum, ya tabbatar jan ƙarfe ne ke ba da launin. Ferdinand Fouqué na Faransa ya fitar da ainihin lissafin a 1889, Laurie da abokan aikinsa biyu suka toya shi a ɗakin gwaji suka bayyana iyakokin zafinsa a 1914, Pabst kuma ya zana tsarin gininsa da hasken eksire a 1959. A tsakani, a 1938, an samo ƙwayoyinsa na halitta a dutsen aman wuta na Besubiyas, aka raɗa masa suna kufroribait. Amma ƙanƙantarsu ta isa hujjar cewa ba wanda ya taɓa haƙo shi don yin fenti.

Abin da ke faruwa cikin tukunya

Sinadarin shi ne CaCuSi4O10. In aka auna tsantsarsa da nauyi, kusan kashi 64 cikin ɗari silika ce, wato sinadarin yashi, kashi 21 tsatsar jan ƙarfe, kashi 15 toyayyiyar farar ƙasa. Launin ya samo asali ne daga mazaunin jan ƙarfen. Kowace ƙwayar zarra ta jan ƙarfe tana zaune a tsakiyar ƙwayoyin oksijin huɗu da suka kewaye ta a shimfiɗe, tsakanin falle-fallen silika da kalsiyam ke riƙe da su. Wannan zama ne ke sa ta shanye hasken kore da rawaya da ja, ta maido shuɗi ga ido. Jan ƙarfen nan dai, in ya watse cikin narkakken gilashi ba tare da wannan tsari ba, tsanwa-tsanwa zai bayar. Ke nan mai toyi ba narkarwa yake nema ba. So yake ƙwayoyin kiristal su tsiro su girma, kuma nan ne aikin ya yi wuya.

Yashi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1700, abin da tanderun itace ba zai kai ba. Kanwa ce ke rage wannan tsauri, kamar yadda ɗan ƙanƙanin ƙullinta ke sa wake ya nuna da wuri. Kuma kanwar da muka sani ce, ba wata ba: abin da Misirawa ke kwasowa a tafkunan Wadin Natrun, arewa maso yamma da Alƙahira ta yau, danginsu ɗaya da wadda fatake ke kawowa daga ƙasar Manga da gefen tafkin Cadi. Wasu masu toyin kuma tokar tsirran da ke fitowa a ƙasa mai gishiri suka yi amfani da ita. Kaɗan ake sawa, 'yan kaso ƙalilan cikin ɗari. Aikinta ta samar da ɗan siririn ruwan gilashi a tsakanin ƙwayoyin yashi, wanda jan ƙarfe da kalsiyam za su bi su tarar da silika. In ta yi kaɗan, haɗin yana tafiya a hankali, curin ya fito da garas-garas. In ta yi yawa, gilashi ya rinjayi kiristal, launin ya karkata zuwa kore.

Sai wuta. Shuɗin yana samuwa ne tsakanin digiri 850 zuwa 1000 ko sama kaɗan. Da zarar an haura wajen 1050, ginin ya rushe, abin da aka tara ya wargaje. Kuma ba a taɓa wannan zafi a sauka ba, sai an tsaya a kai sa'o'i masu yawa. Ku auna wannan da tanderun da ba shi da ma'aunin zafi, wanda duk ƙarin itace ke ɗaga shi, duk jinkiri ke sauke shi. Mai kula da wutar ba shi da abin dogaro sai kalar da cikin tanderun ke yi da kuma abin da ubangidansa ya koya masa.

Sharaɗi na uku shi ne iska. Dole wuta ta samu iska isasshiya. In hayaƙi ya turnuƙe tanderun, jan ƙarfen yana sauya hali ya koma ja. Ba zato nake yi ba: a Kantir, inda fadar Ramsis na 2 take a gabashin bakin Nilu, Edgar Pusch da Thilo Rehren sun nuna a 2005 cewa wajen 1250 kafin Miladiyya ana dafa jan gilashi da jan ƙarfe, kuma a wannan gari an samu shaidar aikin shuɗin. Ƙarfe guda ne. A tauye masa iska ya ba da ja, a sake masa ita ya ba da shuɗi. Mutanen da suka iya fitar da duka biyun da gangan sun san wuta sani na haƙiƙa, ko da ba su da sunan oksijin a bakinsu.

Baƙin da suka shiga tukunya

Yanzu na zo kan abin da na fi so mu tsaya a kai. In aka yanka ɗan guntun tsohon shuɗi aka goge shi aka sa a maikuroskof mai aiki da ilektaron, ba a ganin abu guda. Ana ganin falle-fallen shuɗi, da ƙwayoyin yashin da ba su gama shiga haɗi ba, da ɗan gilashi a tsakani, da wasu ɗigo-ɗigo na ƙarafan da lissafin Fouqué bai san da su ba. Mai neman tsantsa zai kira su gurɓata. Mai neman tarihi ba shi da shaidun da suka fi su.

A 1983, Jaksch da abokan aikinsa a Haidelbag ta Jamus, cikinsu har da masanin ma'adinai ɗan Masar Ahmed El Goresy, sun jera samfurori daga kaburbura da wuraren bauta bisa zamaninsu. A tsofaffin akwai asinik. Daga zamanin Tutmosis na 3, a ƙarni na 15 kafin Miladiyya, sai kuza ta bayyana. Daga baya kuma dalma ta shigo. Wannan jeri ya yi daidai da tarihin ƙirar Masar: jan ƙarfe mai asinik, sai tagulla mai kuza, sai tagulla mai dalma. Ma'ana, masu toya shuɗi ba lallai ne su je ma'adana neman koren dutsen jan ƙarfe ba. Guntattakin maƙera da tsatsar da ke zuba a bakin uwar maƙera suke kwasa.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, ana iya amfani da shuɗin wajen ƙiyasin zamani: zanen da aka ce na Tsohuwar Daular Masar ne, in aka tarar da dalma da kuza a shuɗinsa, to akwai tambaya. Sai dai ina ganin a riƙe wannan ma'auni da taka-tsantsan. Bayyanar kuza a fenti ba ta nuna ranar da Masar ta fara sanin tagulla ba. Tana nuna lokacin da tagulla ta yawaita har ragowarta ta zama abin da ake bai wa mai fenti. Tsakanin biyun akwai tazara. Na biyu, kuma mafi muhimmanci, sana'ar ba ita kaɗai take zaune ba. Tana maƙwabtaka da maƙera da masu gilashi da masu tangaran, suna cin wuta ɗaya da itace ɗaya, sharar wannan ta zama jarin wancan.

Amarna ta tabbatar da haka. Birnin sarki Akanaton ne, an gina shi wajen 1350 kafin Miladiyya aka kuma watse daga cikinsa cikin shekara ashirin ko ƙasa da haka, shi ya sa duk abin da aka tono a can zamaninsa ba ya da gardama. Flinders Petrie ya tono wuraren sana'arsa a 1891 zuwa 1892. A 2008, Hatton da Shortland da Tite suka auna samfuri wajen 55, mafi yawansu daga can, wasu daga Mesofotamiya. Sun nuna cewa toyin hawa biyu ne: a fara fitar da curi, a daka shi, in fenti ake so a tsaya nan, in kuwa duwatsun wuya ko ƙananan kwanuka ake so, a cura garin a sake mai da shi wuta. Sun kuma nuna cewa koren da ake samu tare da shuɗin ba shuɗi ne da ya lalace ba. Launi ne mai zaman kansa, ana samunsa da gangan ta hanyar sauya yawan farar ƙasa a kan jan ƙarfe. Kafin su, Pagès-Camagna da Colinart na ɗakin gwajin gidajen tarihin Faransa sun isa ga irin wannan matsaya. An daɗe ana ɗora wa masu toyin kuskuren da ba su yi ba.

Misali mafi nisa daga Masar shi ya fi nuna ƙarfin wannan hanya. A 2021, Dariz da Schmid suka bi wani ɗan guntun bango daga wata tsohuwar majami'a a Tirol ta Kudu, arewacin Italiya, na ƙarni na 5 ko na 6 Miladiyya, ɗigo bayan ɗigo da na'urar Raman. Sun ƙirga ma'adinai fiye da ashirin ban da shuɗin kansa. Baƙin da ke cikin yashin sun nuna yankin Kamfaniya, wato daidai inda Vitruvius ya ce ana sana'ar. Jan ƙarfen kuwa ba daga tagulla ya fito ba, daga ma'adini mai farar wuta ne, mai sassauta haɗin kuma toka ce, gilashin ciki bai taka kara ya karya ba. Ku gwama wannan da na Amarna. Launi ɗaya, lissafi ɗaya, amma kayan haɗi daban. Saboda haka ba na goyon bayan masu magana a kan “sirrin haɗin Misirawa” kamar ƙulli guda ne da aka ɓoye aka kuma ɓatar. Sana'a ce da ta yi shekara fiye da dubu uku tana sauya yashi da ƙarfe da toka gwargwadon abin da wuri ya bayar, abin da bai sauya ba shi ne iyakar wutar.

Hasken da ido ba ya gani

Duk awon da na ambata sai an ɓantari kayan tarihi, abin da masu kula da su ba sa so. Mafita ta zo daga wata ɗabi'a ta launin. In aka haska shi da jan haske, yana maido wani haske na infared mai tsawon zango wajen nanomita 910, wanda ido ba ya gani amma kyamara na gani. Giovanni Verri ya mai da wannan hanyar aiki a gidan tarihin Birtaniya wajen 2009: a hoton, komai ya yi duhu, shuɗin ya yi fari fat, ko da ƙwayoyi kaɗan suka rage. Da ita aka gano shi a jikin sassaƙen Fatenon na Atina, waɗanda aka daɗe ana ɗauka farare ne tun asali. Tana kuma warware wani ruɗani: wurare da yawa da suka yi baƙi a akwatunan gawa shuɗi ne, ƙaron da aka kwaɓa shi da shi ne ya tsufa ya rine, shi launin yana nan.

Hanyar ta kuma taɓa zancen “ɓacewa”, wato cewa launin ya ɓace bayan zamanin Rumawa. An samu launin a majami'ar San Kilamente a Rum a zanen ƙarni na 9, a 2020 kuma aka gano shi a zanen Galatiya da Raphael ya yi a farkon ƙarni na 16. A gefe guda, wannan haske ya jawo masu kimiyyar kayan zamani: a 2013 masu bincike a Jami'ar Jojiya sun nuna cewa motsa garin cikin ruwan zafi yana ɓare shi zuwa falle-falle mafi siranta, wasu kuma suna gwada shi a hodar ɗaukar sawun yatsa da fentin sanyaya rufin gida. Wannan fage ne na wata maƙalar.

Iyakar gwajin kwaikwayo

A 2025, ƙungiyar John McCloy ta Jami'ar Jihar Washinton, tare da gidan tarihin Carnegie da cibiyar Smithsonian, ta buga gwajin haɗi 12 da aka toya a wajen digiri 1000, daga sa'a 1 zuwa sa'a 11. Sakamako biyu sun ja hankalina. Saurin hucewa yana sauya launi, wanda ya huce a hankali ya fi shuɗi. Sannan ba sai haɗin ya zama tsantsa ba: in kusan rabinsa ya zama kiristal ɗin shuɗi, ido ya gamsu. Wannan ya yi daidai da abin da ake gani a tsofaffin samfurori, inda yashi ke yin rara. Mai toyin ba tsantsa yake nema ba, abin da mai zane zai karɓa yake nema.

Amma tanderun lantarki yana amsa tambayar abin da zai yiwu ne, ba abin da aka yi ba. Yana riƙe digiri 1000 ba ya gezau, iskarsa tsaf, garin da ake zuba masa 'yan giram ne daga kwalbar kamfani. Curin da aka sanar da samunsa a fadar Nero a Rum a farkon 2025 nauyinsa kilo 2.4. Toya irin wannan ya nuna har ciki, bayansa bai ƙone ba, matsala ce ta daban da toya cokali guda.

Shawarata ga sassan kimiyyar sinadarai da na binciken kayan tarihi a jami'o'inmu ita ce a yi gwajin a tanderun ƙasa mai cin itace, da yashin rafi wanda aka auna farar ƙasarsa, da kanwar kasuwa, da gogaggen garin tagulla daga maƙera. A dasa ma'aunin zafi a wurare uku ko huɗu na tanderun, a bar wa gogaggun magina tukwane kula da wutar, a rubuta yawan itacen da aka ci da sa'o'in da aka yi. Kowane curi a raba shi biyu, a auna bayansa da cikinsa daban da hasken eksire, sannan a gwama yawan yashin da ya yi rara da girman ƙwayoyin shuɗin da alƙaluman da aka buga na Amarna.